Hasken Vela ya sauka a Namibiya, amma sabon gidan binciken na Chile ne

A watan Oktoba na 2023 ne mujallar Nature Astronomy ta wallafa wani sakamakon bincike da har yanzu masana taurari ke tafka muhawara a kansa. Na'urorin hangen nesa na H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas a Namibiya sun kama hasken gamma mai ƙarfin TeV 20 daga tauraron Vela, wato kusan ninki tiriliyan 10 na ƙarfin hasken da ido ke gani. Arache Djannati-Ataï na cibiyar CNRS ta Faransa ne ya jagoranci aikin.

Vela na cikin taurarin da ake kira fulsa, waɗanda Jocelyn Bell ta fara ganowa a Kambrij ta Ingila a 1967. Fulsa ƙwayar da ta rage ce bayan wani ƙaton tauraro ya fashe. Faɗinta bai wuce kilomita 20 ba, amma nauyinta ya zarce na rana. Vela tana juyawa sau 11 a kowace daƙiƙa, kuma duk juyi sai haskenta ya gifta ta duniyarmu, kamar mai wulwula tocila cikin duhu.

Hasken gamma ba ya isowa ƙasa, iska ce ke tare shi. Idan ya bugi iskar sama sai ya haifar da wata walƙiya shuɗiya wadda ba ta kai ƙiftawar ido ba, ita ce madubai biyar na H.E.S.S. ke kamawa. Shi ya sa aikin ke buƙatar sarari garau, da busasshiyar iska, da dare marar fitilun gari. Namibiya kuwa tana da su duka.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne ƙarfin. Kumbon Fermi da Amurka ta harba a 2008 ya gano fulsa kusan 300 masu fitar da gamma, kuma a galibinsu hasken na dusashewa tun kafin ya kusanci wannan mataki. Ke nan bayanin da aka saba yi kan yadda maganaɗisun tauraron ke ingiza ƙwayoyin lantarki bai wadatar ba, sai an sake lale.

Sai dai akwai abin dubawa ga Afirka. Tun 2002 H.E.S.S. ke aiki, amma cibiyar CTAO da za ta gaje ta a kudancin duniya ana gina ta ne a Chile, bayan da aka fifita ƙasar a kan Namibiya a 2015. Duk da cewa Jami'ar Namibiya da ta North-West a Afirka ta Kudu na cikin ƙawancen H.E.S.S., mafi yawan kuɗi da cibiyoyin na Turai ne. Mai kuɗi kuwa shi ke zaɓen inda za a kafa.

Ba a rasa abin koyi ba. Afirka ta Kudu ta gina MeerKAT mai faranti 64 ta kuma ƙaddamar da ita a 2018. Ghana ta mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar sauraron taurari a 2017. Bayanan Fermi kuma a buɗe suke kyauta a intanet, ta yadda ɗalibin fiziya a Yamai ko Zariya zai iya nazarinsu da kwamfuta. Abin da ya rage wa gwamnatoci shi ne tsayayyiyar wutar lantarki, da guraben karatun digiri na uku, da albashin da zai riƙe malami a gida.