Fassarar Indiya-Hausa: Idan kowa kwafa yake, wa zai ƙirƙira?

Shiga YouTube ko TikTok ka rubuta "Indiya Hausa", ka sha kallo. Shafuka ga su nan rututu, kowa da tambarinsa, amma in ka kasa kunne sai ka ji kusan murya ɗaya ce, barkwanci ɗaya, har yadda ake jefo sunan kamfani a tsakiyar fim iri ɗaya. Wani ma ba ya wahalar da kansa: zai sauke aikin wani, ya rufe tambarin, ya manna nasa, shi ke nan ya zama mai kamfani.

Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya ba yau ta fara ba. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Lebanawa ke kawo su gidajen siliman Kano, har iyayenmu suka laƙaba wa Dharmendra "Sarkin Ƙarfi", Sanjay Dutt kuma "Ɗan Daba Mai Lasin". Abin da kamfanoni irin su Algaita Dub Studio da Sultan Film Factory suka kawo sabo shi ne sa jarumin Indiya ya yi magana kamar ɗan unguwarku, da karin magana, da habaici, da sarar da ake yayi. Wannan ita ce hajarsu. Fim ɗin na Indiyawa ne, amma bakin na masu fassara ne. To wannan bakin ne yanzu ake kwafa ba kunya.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai gasa ce. Mu leƙa Bompai. Can da Sharada da Challawa akwai lokacin da masaƙu ke ɗaukar dubban ma'aikata. Matsalar wutar lantarki ta jigata su, sai kuma atamfa mai araha daga ƙasar Sin ta cika Kantin Kwari, wata ma da zanen da aka kwafa daga na masaƙun gida. Mai zanen asali ya biya mai zane, ya biya ma'aikata. Mai kwafa bai biya ko sisi ba, don haka ya karya farashi. Mai saye ya bi araha. Yau ka zaga Bompai, za ka ga masana'antu da dama a garƙame, wasu sun koma rumbunan ajiye kaya.

Haka lissafin yake a fassara. Mai aikin gaske yana biyan mai jin yaren, da masu ɗora murya, da man janareta. Ɓarawon aiki data kawai yake saya. In kallo da kuɗin talla suka koma wajensa, na farkon zai gaji ya rufe, sannan shi ma mai kwafar ya rasa abin kwafa.

Ga kuma na'ura ta shigo layi. Tun Disamba 2013 Google Translate ya sa Hausa, yanzu ga manhajojin da ke kwaikwayon murya. Duk wanda sana'arsa kwafa ce, wallahi na'ura ta fi shi sauri da araha.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: masu kukan an sace musu aiki su ma su duba kansu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba da damar a nemi sauke abin da aka sata a intanet, amma kuma fassara aikin wani sai da izinin mai shi. Wanda bai nemi izinin Indiyawa ba, da wane baki zai kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka?

Mu masu kallo kuwa, duk danna "subscribe" da muka yi kuɗi muka miƙa wa wani. Kafin ka tura fim a zauren WhatsApp, duba shafin wa ya fito.