RA'AYINMU: Jarin Da Gobara Ba Ta Ci

Da yawa daga cikinmu da ke wannan jami'a, ribar kanti da guminta ne suka kawo mu nan. Wani mahaifinsa mai sayar da atamfa ne a Kantin Kwari, wani ɗan makanike ne, wata kuma da kuɗin ɗinkin mahaifiyarta aka biya mata rajista. Saboda haka in mun yi magana a kan kasuwanci, ba shisshigi muka yi ba, maganar gidanmu muke yi. Abin da ya dame mu kuwa shi ne, attajiri zai kashe dubbai wajen gyaran rumfa da sabon fenti, amma da wuya a ji ya ware ko kobo domin ƙara wa kansa da yaransa sanin sana'ar da suke ci da ita.

Ba wai koyar da sana'a baƙon abu ne a ƙasar Hausa ba. Tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, yaro yakan zauna ƙarƙashin ubangida shekara da shekaru, ya koyi awo da tayi da sanin kaya, har ranar da za a yaye shi a ba shi jari. Haka fatake suka koyi hanyar Gwanja a bayan madugu, haka marinan Ƙofar Mata suka gaji sanin baba da toka. Wannan tsari ya yi wa kakanninmu amfani ƙwarai, domin a lokacinsu abin da mutum ya koya yana saurayi yakan ishe shi har tsufa.

To, amma zamani ya sake, kuma yana ta sakewa. Ran 1 ga Janairu, 1973, aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kobo, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma, dole kowane mai awo ya sake koyon lissafi. Shekara hamsin bayan haka, a farkon 2023, da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, mai kantin da bai iya karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS ba ya zauna yana kallon masu saye suna wucewa zuwa wurin maƙwabcinsa. Haka nan makaniken da ya ƙware a kan kafireta, yau motar da ake kawo masa sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. In bai koyi wannan ba, sai ya riƙa canji-canjen kaya bisa ƙa, mai mota ya yi asara, shi kuma ya zubar da sunansa.

Babbar cutar da ke kashe ƙananan kasuwanci ita ce rashin rarrabe ciniki da riba da jari. Mu ɗauki misali. Mutum ya sayo buhun kaya a kan naira 50,000, ya sayar 55,000, ya yi murna ya ci ribar 5,000, har ya ɗiba ya yi cefane. Da ya koma sari sai ya tarar buhun ya kai 60,000. Ashe ba riba ya ci ba, jarinsa ya ci. A shekarar 2024, lokacin da hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, irin wannan kuskure ya isa ya zaunar da kanti cikin 'yan watanni. Maganinsa kuwa ba ya bukatar digiri: littafin shiga da fita, da ware wa mai kanti albashinsa dabam, da sa farashi bisa abin da za a sake saro kaya da shi. Wannan abu ne da za a iya koya cikin mako biyu, in an sami mai koyarwa.

Mun san hujjar da iyayenmu kan kawo. Sukan ce, in na kashe kuɗi na koya wa yaro, gobe sai ya gudu ya buɗe nasa a gabana. Ba mu ce wannan ba ya faruwa ba. Amma a duba ɗaya gefen. Yaron da ba a koya wa kome ba shi ne yake zama shekara goma yana ɓata kaya, yana korar masu saye da rashin iya magana, kuma ranar da maigida ya kwanta ciwo babu mai riƙe kantin. Sa'an nan ai al'adarmu tun asali ta san yaro zai tashi. Wanda aka yaye da mutunci yakan zama abokin ciniki, ya riƙa sari a wurin ubangidansa, ya kai sunansa garin da shi bai taɓa zuwa ba. Abin da ya kamata shi ne a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu: ga shekarun da za a yi, ga abin da za a koya, ga abin sallama.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan doka. A Jamus, ɗan koyo yana raba makonsa tsakanin wurin aiki da makarantar sana'a, ana biyansa, a ƙarshe kuma majalisar 'yan kasuwa ko ta masu sana'a ce take yi masa jarrabawa. Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba. Tun 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, mai hedkwata a Jos, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya, a mayar musu da wani kaso in sun nuna sun horar da ma'aikatansu. Wannan asusu ne ya ƙirƙiro shirin SIWES da ke kai mu ɗalibai masana'antu. A 2003 kuma aka kafa hukumar SMEDAN domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Matsalar ita ce, yawancin masu rumfa da masu gareji suna wajen wannan da'ira, kuma horon da aka shirya da Turanci a ɗakin taron otal ba zai kai ga mutumin da ba ya iya rufe kantinsa da rana ba.

Don haka muke kira ga ɓangarori uku. Ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, muna cewa kuɗin da ake tarawa domin gadi da shara da biki, a ware wani abu daga ciki a ɗauko malami ya riƙa koyarwa a cikin kasuwa bayan an tashi. Ga hukumar jami'a, muna roƙon sashen lissafin kuɗi da na harkokin kasuwanci su haɗa kai da sashen Hausa su shirya gajerun kwasa-kwasai na yamma, cikin harshen da mutane ke ciniki da shi, kuma a tanadi aji na musamman domin mata masu sana'a a cikin gida. Ga mu ɗalibai kuma, abin kunya ne mutum ya ci jarrabawar lissafin kuɗi alhali kantin mahaifinsa ba shi da littafi. A hutun nan mai zuwa kowa ya zauna a rumfa, ya buɗe littafin, ya koya wa yaran gida riƙe shi. Amma a je da ladabi, domin wanda ya shekara talatin a kasuwa ya san halin mutane da sirrin bashi fiye da abin da aka rubuta mana a allo. Mu koyar, mu kuma koya.

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye rumfuna masu ɗimbin yawa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, dukiyar shekaru ta zama toka a dare ɗaya. Wanda ya tashi da safe babu kaya, abin da ya rage masa shi ne amanar da mutane suka san shi da ita, da abin da ya iya. Da waɗannan biyu ake sake tashi. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. Muna fata iyayenmu da ke kasuwa za su karɓi wannan magana daga bakin 'ya'yansu, su sa kuɗin koyo cikin lissafin shekara kamar yadda suke sa kuɗin haya.