Amosani: mai ba ya kashe shi, ciyar da shi yake

Da zarar hunturu ya kama, daga Tawa har Damagaram, sai susar kai ta yawaita. Ma'aikaci ya tuɓe hula a biro, farin gari ya zubo bisa kafaɗar riga. Ɗan kasuwa na tsakiyar ciniki, hannu na ƙarƙashin rawani. Galibi ana cewa bushewa ce, sai a nemo man shanu ko man kaɗe a lafta. Nan kuskuren yake.

Amosani yana da nasaba da wata ƴar ƙwaya dangin funfuna, wadda likitan Faransa Malassez ya bayyana a 1874, har aka sa mata sunansa. Tana zaune bisa fatar kan kusan kowane baligi, abincinta kuwa maiƙo ne. Ga wanda fatarsa ba ta jure ta, saɓar da ke ɗaukar kamar wata guda sai ta auku cikin ƴan kwanaki, ta taru, ta zubo da ƙaiƙayi. Ƙara mai kan lafar da garin na yini ɗaya, amma tuwo ne aka kai wa baƙuwar. Hula da ba a wankewa, da kitson da ya yi makonni bai ga ruwa ba, su ma suna taimakonta.

Maganin yana farmasi: sabulun ruwa na wanke kai mai ketokonazol ko selenium. Ana shafa shi ga fata, ba gashi kaɗai ba, a bar shi minti 5 kafin a ɗauraye, sau 2 a mako har mako 4. Bayan haka sau ɗaya a mako, don amosani ba ya tafiya ɗungum. Lallaɓa shi ake. Man shafawar masu tallar magani a faranti kuwa, da yawansa kortizon ne, mai kwantar da ƙaiƙayi ya bar fata ta sirance.

Kada a gama shi da ƙora. Amosani ba a ɗaukarsa. Ƙora kuwa, mai cinye gashin yara zagaye-zagaye, tana bin askar wanzami da matajin da ake karo-karo da shi. Shafe-shafe ba ya isarta: sai lokotoro ya rubuta ƙwayar sha, irin su girizeyofulbin, na mako 6 zuwa 8.