Tsohuwar Vespa: Sa Mata CDI, Ka Bar Mata Kafiretonta

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai tsohon babur a Shanono lissafinsa ɗaya ne: yadda zai rage shan mai. Shi ya sa bidiyon YouTube da ke nuna ana cire wa tsohon inji kafireto, a sa masa injekta mai feshin mai da ƴar kwamfuta, yake jan hankalin matasa. Aikina rubuta manhaja ne, amma ina ganin rabin wannan gyara ne kawai ya dace da mu.

Rabin da ya dace shi ne na wuta. Tsofaffin Vespa da Suzuki A100, masu shan fetur haɗe da baƙin mai, da kwantak suke bai wa fulogi wuta. Kwantak ƙarfe biyu ne da ke buɗewa suna rufewa a kowane juyin inji. Suna cinyewa, ƙura na shiga tsakaninsu, saitin wuta ya goce, sai ka wayi gari kana ta buga kik. CDI ba shi da abin da ke gogar juna, saitinsa ba ya gocewa, kuma makanikan da ke gyaran Boxer sun riga sun san shi.

Injekta kuwa wata magana ce. Ɓarnar man wannan inji daga ƙirarsa take: akwai lokacin da ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi ke buɗe tare, sai wani kaso na ɗanyen fetur ya bi salansa bai ƙone ba. In ka sa injekta a gurbin kafireto, man ta wannan hanya zai bi, ɓarnar tana nan. Kamfanin Envirofit, da ya yi wa babura masu ƙafa uku irin wannan gyara a Filifin, kai tsaye yake fesa man cikin silinda bayan ƙofar hayaƙi ta rufe, kuma sai da ya sauya kan injin.

Ga kuma batun lantarki. Ko da Speeduino za ka yi amfani, wadda manhajarta kyauta ce kuma take aiki a kan Arduino, kana buƙatar famfon mai, na'urorin auna zafi da iska, da batir mai bolt 12. Yawancin waɗannan babura bolt 6 gare su, da ƙyar suke riƙe fitila. Sannan ramin injekta ƙanƙane ne, dattin man bumburutu kaɗan ya isa ya toshe shi. Kafireto in ya toshe a hanyar gona, da sukundireba za ka wanke shi ka wuce. Injekta sai dai ka tura babur.

In koyo kake so, sayi Arduino ka gwada a kan injin da ba a dogara da shi ba. Amma babur ɗin da ke kai hatsin gidanku kasuwa, sa masa CDI, ka wanke matatar iska, ka saita kafireto, ka riƙa auna baƙin mai daidai.