Gwajin jinin da ke nuna halin da zuciya take ciki



Idan likita ya ce mutum yana da ciwon gazawar zuciya, yana nufin ƙarfinta na harba jini ya ragu. Sai ruwa ya taru a jiki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, musamman in an kwanta. A Najeriya hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Akwai kuma nau'in da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a Arewa.

Tambayar da ke ran kowane mai jinya ita ce, shin sauƙin nan zai ɗore? Rai a hannun Allah yake, amma akwai gwajin jini da ke ba likita haske. Idan zuciya ta takura, takan saki wani sinadari cikin jini mai suna BNP, tare da ɗan'uwansa NT-proBNP. Yawansu na tafiya ne daidai da wahalar da zuciya ke sha. Ga wanda ya zo asibiti ba cikin gaggawa ba, in NT-proBNP bai kai 125 ba, da wuya a ce gazawar zuciya ce ke damunsa.

Babban amfaninsa yana ga wanda aka kwantar. In aka auna ranar shiga, aka sake aunawa kafin sallama, aka ga ya sauka da kashi 30 cikin 100 ko fiye, alama ce mai kyau. In ya ƙi sauka, haɗarin komawa gadon asibiti ko rasa rai ya fi yawa, ko da kumburi ya saɓe. Irin wannan majinyaci yana bukatar gyaran magani da dawowa asibiti da wuri.

Sai dai lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. Tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga ta, ƙiba kuma tana rage ta. Shi ya sa likita ke haɗawa da hoton zuciya da gwajin ƙoda.

Don haka kafin a sallami naku, ku tambayi likita ko gwajin zai yiwu. Ku adana takardar sakamako, ku riƙa zuwa da ita. A gida a rage gishiri da kanwa, kada a daina magani don an ji dama-dama.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.