Baƙar tutar Amurka da fursunonin da aka hana wa suna

Tun da Trump ya sa hannu a kan dokar nan a Nuwamban 2019, wadda ta wajabta kafa baƙar tutar fursunonin yaƙi da sojojin da suka ɓata kullum a Fadar White House da majalisa da gidajen waya, ake ta yabo. Sanatoci Elizabeth Warren da Tom Cotton, waɗanda ba sa ga-maciji a siyasa, sun haɗa kai a kanta, shi ke nan kowa ya ɗauka ba ta da aibu. Ni kam ban yarda ba.

Ku dubi tutar da kyau: kan mutum a sunkuye, bayansa hasumiyar gadi da waya mai ƙaya. Hoton mai rai ne a tsare. Abin da take faɗa ke nan tun farkon shekarun 1970, wai Biyetnam ta ɓoye Amurkawa. A 1973 an sako fursunonin yaƙi Amurkawa 591 bayan yarjejeniyar Faris. A 1993 kwamitin majalisar dattawa da John Kerry ya jagoranta, wanda a cikinsa akwai John McCain da ya shafe shekara biyar da rabi a tsare a Biyetnam, ya ce bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa akwai sauran wani mai rai a hannu ba. Amma zancen ya riga ya yi jijiya, kuma yana cikin abin da aka fake da shi aka ƙi ɗage wa Biyetnam takunkumin ciniki sai 1994.

Mu ma an shayar da mu shi. Ina tuna mu a cunkushe a ɗakin bidiyo, zufa har wuya, muna tafi muna ihu Rambo na kakkaɓe 'yan Biyetnam don ya kuɓutar da nasu. Ba wanda ya gaya mana su ma suna da sojoji wajen 300,000 da ba a ga gawarsu ba. Har yau ina jin ciwon wannan tafin.

Za a ce, to iyalai fa? Uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba abin tausayi ce, amma tuta ba ta tono ƙashi. A ƙara wa masu tonon kuɗi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙasar da ke koya wa duniya darajar fursunan yaƙi ita ce ta buɗe Guwantanamo a Janairun 2002. Wata guda bayan haka Bush ya ce waɗanda aka kamo daga Afganistan ba fursunonin yaƙi ba ne, don kada yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta ba su cikakkiyar kariya. Aka sa musu kaya ruwan lemo, aka durƙusar da su bayan waya mai ƙaya, kai a sunkuye, daidai da hoton da ke kan tutar. Wasu sun haura shekara 20 a can ba a taɓa tuhumarsu da komai ba, iyayensu suka mutu suna jira. A 2004 hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib suka fito, ƙananan sojoji aka ɗaure, manyan suka ci gaba da harkarsu.