Doka ta ba talaka lauya kyauta, wa ya gaya mishi?

Yau maganata da masu cewa intanet ta gama kawo wa talaka shari'a har gida. A kowane atelye sai ka ji ana yabon cewa an sa dokoki bisa shafi, kowa na iya saukewa ya karanta. To, wane kowa? Mai noman zogale a fadamar Jiratawa da aka ci mishi iyakar gona, ko bazawarar Tibiri da dangin miji suka hana wa ɗiyanta gado? Takarda mai shafi ɗari, cikin Faransancin da mu da muka yi lakwal ma sai mun karanta sau biyu, ita ce taimakon?

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Tun 14 ga Disamba 2011 Nijar take da doka mai lamba 2011-42, wadda ta kafa hukumar ANAJJ. Aikinta iri biyu ne. Na farko, bayani da shawara kan doka, kyauta ga kowa. Na biyu, a samar da mai kare mutum gaban alƙali ba tare da ya biya ba, in marar hali ne ko yana cikin masu rauni, kamar yaro ƙarami da macen da aka ci zarafinta. Hukumar tana da ofis a manyan kotunan jihohi. Sannan tun 2014 ƙa'idar UEMOA ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. A laifi na yau da kullum, tsarewa a komisariya ko wajen jandarma awa 48 ce, ba a ƙara wasu sai da izinin mai gabatar da ƙara. Ku shiga babbar kasuwar Maradi ku tambayi mutum goma wannan magana, ku gani. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Wa ke cin ribar wannan duhu? Dillalan shari'a, masu cewa "kawo jika hamsin, na san wani a ciki". Mutum ya saida akuya, ya jinginar da gona, ɗan nashi kuma yana kaso. Sai lauyoyin Facebook, waɗanda ba su taɓa buɗe kundin doka ba amma suna yanke hukunci a ƙarƙashin kowane rubutu, har da kawo dokar Najeriya su ɗora wa Nijar.

Za a ce mini lauyoyi sun yi kaɗan, mafi yawansu kuma suna Yamai. Gaskiya ne, shi ya sa ma doka ta yarda a naɗa masu kariya da ba lauyoyi ba. Amma wannan hujja ce ta a yi amfani da waya da kyau. Lauyan da ke Yamai ba sai ya yi kilomita sama da 600 ba kafin ya amsa tambayar mace a Tibiri. Za a ce talaka ba shi da babbar waya. Haba! Wa'azi, farashin hatsi, tallar maganin basir, duk ta vokal suke kai wa ƙauyen da babu lantarki. Mi ya sa haƙƙin ɗan ƙasa kaɗai ne ba ya samun rezo?

Wasu kuma na cewa mu da muke da sarakuna, mi ya kai mu jastis? Ba wanda ya raina sulhu. Fadar Sarkin Gobir a Tibiri, fadar Sarkin Katsina a Maradi, masu gari da kwamitocin filaye na Cofo suna kashe rigima da dama tun ba ta girma ba. Amma wanda ya zauna sulhu bai san haƙƙinshi ba, sa hannu kawai aka kira shi ya yi. Ku tuna Hadijatou Mani. An saida ta tana yarinya, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, aka ba ta diyyar miliyan 10 na sefa. Ba kuɗi gare ta ba, ƙungiyar Timidria da lauyoyi ne suka tsaya mata.

Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To, mu gani a ƙasa. Muna kira ga ANAJJ, ƙungiyar lauyoyi, ANDDH da ƙungiyar mata masana doka: a buɗe lambar WhatsApp guda da kowa ya sani, wadda ake amsawa da murya, da Hausa. A yi gajerun vokal na minti biyu kan gado, saki, jinginar gona, bashi da kamu, lauya ya duba kowanne kafin ya fita. Lauyoyin sa kai su raba ranaku, ɗaliban doka su riƙa tace tambayoyi. Mu kuma ƴan rediyo mu daina jiran sai an biya kafin mu buɗe makirfo ga wannan magana. Kuɗin otel da fardiyam na atelye guda sun isa a fara.

Kai da ka karanta wannan, kar ka tsaya ga danna alamar so. Karanta wa wanda bai iya ba, ka gaya mishi kafin ya saida akuyarshi ya fara zuwa kotu ya tambayi ofishin ANAJJ. Allah ya raba mu da zalunci da jahilci, amin.